Na Ƙarshen Kanal

A bangon zauren gidanmu da ke Kadawa akwai wani makullin ƙarfe a rataye, tsawonsa ya kai kamu guda, bakinsa ya siɗe saboda yawan aiki. Da shi mahaifina ya shekara 17 yana buɗe ƙofar ruwa yana rufewa, tun daga lokacin da manoman sashenmu suka zaɓe shi mai rabon ruwa har zuwa ranar da ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ƙofar da makullin ke buɗewa an canza ta tuni, amma Baba bai yarda a sauke shi daga ƙusarsa ba. Tun ina yaro nake wucewa ta ƙarƙashinsa, ban taɓa zaton yana da alaƙa da karatun da na yi ba, sai a ranin shekarar 2024, lokacin da wasu ƙananan na'urori biyu suka hana ni barci kwana uku.

Wanda bai san ƙasarmu ba yana bukatar ɗan bayani. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba inji ke turo shi ba, da kansa yake gangarowa ta babban kanal, ya rabu zuwa rassa, rassan su rabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa bakin gonar mutum a ƙasar Kura ko Bunkure ko Garun Malam. Da shi ake samun tumatir da albasa da alkama da masara a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙamas. A kowace mararraba akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma akwai mai kula da ita. Saboda haka a wurinmu zancen ruwa bai cika zama zancen akwai ko babu ba. Yawanci zance ne na wa zai sha yau, wa zai jira gobe.

A 2016 tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta ta faɗa wa gonakin tumatir na Kadawa, ta cinye su tas cikin 'yan makonni. A shekarar ce Baba ya kasa biyan kuɗin makarantar babbar yayarmu, wadda take aji biyu a kwalejin horon malamai. Ta dawo gida, bayan wata takwas aka ɗaura mata aure. Ban taɓa jin Baba ya ambaci maganar ba, amma duk ranar da ta zo ganin gida yakan rasa inda zai ajiye idonsa. Ni da nake namiji an lallaɓa an kai ni Kano, na yi difloma a ilimin kwamfuta, na dawo babu aikin yi, na koma gona tare da ƙannen Baba. Tun daga nan yake kirana Injiniya, rabi wasa, rabi kuma tunatarwa.

Da autarmu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, sai tsohon mikin ya motsa. Kuɗin kama mata ɗaki a Kano babu, zirga-zirga kullum a titin Kano zuwa Zariya kuwa Inna ta ce ba da 'yarta ba. A ƙarshe aka tsaya a kan jami'ar karatu daga gida, inda ɗalibi ke sauke darussa ta intanet, ya kuma yi wasu gwaje-gwaje ta nan kafin wa'adinsu ya cika. Sai dai cikin gidanmu sabis ba ya zama. Katangunmu na ƙasa ne masu kauri, rufin kuma kwano, wanda ke son kiran waya sai ya fita bakin ƙofa ya ɗaga hannu sama. Na ce wa Baba wannan aikina ne, ya bar mini. Na sayar da kwando 11 na tumatir daga kasona a Kwanar Gafan, na shiga mota zuwa kasuwar waya ta Fam Santa a Kano, na dawo da modem sabuwa, da rauta ta hannu, da kebul mai tsawon mita 15.

Aikin na'urorin biyu a takarda ba shi da wuyar fahimta. Modem ita ce mai kawowa. A cikinta ake sanya layin waya, ita ke magana da ƙarfen sabis, ta karɓo saƙon da ke tafe a iska ta mayar da shi abin da kwamfuta za ta gane. Rauta kuwa ba ta kawo komai da kanta. Tana karɓar abin da modem ta kawo, ta raba wa wayoyi da kwamfutocin gida, ta ba kowace na'ura lambar adireshi domin kada saƙon wani ya faɗa hannun wani. Na zagaya gidan da modem a hannu ina kallon sandunan sabis, har na samu inda suka cika, a kusurwar saman ɗakin ajiyar hatsi, ta gefen da ke fuskantar titi. Na kafa ta a nan cikin wani akwatin roba saboda ƙura da rana, na ja mata wuta daga batirin solarmu. Daga can na jawo kebul zuwa shagona da ke jikin zaure, na ajiye rauta a kan teburina, na soka kebul ɗin a ɗaya daga cikin ramukan da ke bayanta. Fitilu suka kama, korra shar. Na kira Auta na ce ta kawo kwamfutarta.

Kwamfutar ta kama waifai, amma shafi ya ƙi buɗewa. Wayata ta buɗe shafi ɗaya, ta tsaya. Wayar ƙanen Baba ta yi aiki na minti goma, sannan ta rubuta cewa an haɗa amma babu intanet. Na kashe na kunna. Na cire layin na goge shi da bakin riga na mayar. Na soka allura a ƙaramin ramin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, na sake farawa daga tushe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idan na rubuta adireshin shiga shafin saiti, 192.168.0.1, wani lokaci shafin modem ke fitowa, wani lokaci na rauta, kamar gida ɗaya mai masu gida biyu. Na zargi mai shagon da ya sayar mini, na zargi kamfanin layi, na zargi ƙurar hunturu. Ban zargi kaina ba, domin ina da difloma.

A dare na uku, bayan sallar isha'i, Baba ya leƙo shagon yana dogara sandarsa. Kwana biyar suka rage wa'adin gwajin Auta na farko ya cika.

"Injiniya, har yanzu ruwan bai iso ba?"

"Yana isowa, Baba, sai ya ɗauke."

Ya zauna a bakin katifa, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, kuma ban taɓa ganin ya yi da waya abin da ya wuce amsa kira ba. Ya ce in yi masa bayani. Na fara jero masa kalmomin da na haddace a makaranta, ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Wacce ce ke ɗauko ruwan daga Tiga?"

"Ta saman ɗakin hatsi."

"Wacce ce ke rabawa?"

Na buɗe baki zan ce ta kan tebur, sai maganar ta maƙale. Modem ɗin zamani ba kawowa kawai take yi ba. Ita ma tana da nata waifai, tana kuma da nata tsarin rabon adireshi, wanda ake kira DHCP, kuma a kunne yake zuwa daga kamfani. Na ce, a hankali, "Su biyun duka suna rabawa."

"To ai shi ke nan," in ji Baba. Ya ba ni labarin wata shekara, kafin a zaɓe shi, da rigima ta tashi tsakanin unguwanni biyu da ke shan magudana ɗaya, aka sasanta da naɗa masu rabo biyu, kowace unguwa da nata. Wannan ya buɗe da safe, wancan ya zo ya rufe. Wannan ya ce wa manomi yau ranarka ce, wancan ya ce wa wani daban yau ranarka ce. Kanal cike da ruwa, amma alkama ta ƙone a gona. "Ba a sarki biyu zamani ɗaya," ya ce. "Ɗaya ya kawo, ɗaya ya raba. Kuma kowa ya san sunansa."

Da ya tafi na juya rautar na haska bayanta da tocila. Ramuka biyar ne, huɗu masu ruwan ɗorawa an rubuta musu LAN, ɗaya shuɗi an rubuta masa WAN. Shuɗin shi ne mashigar abin da ke zuwa daga waje, sauran huɗun mafita ne zuwa na'urorin gida. Ni kuwa a mafita na soka kebul ɗin modem. Da haka na haɗa masu rabo biyu a magudana ɗaya, kowacce tana miƙa wa wayoyi adireshi, kuma su biyun suna amsa suna ɗaya, 192.168.0.1. Wayar da ta aika saƙonta ya faɗa hannun modem sai ta samu hanya, wadda nata ya faɗa hannun rauta sai ta tsaya a bakin ƙofar da babu komai a bayanta. An koya mini wannan a aji, na kuma amsa shi a jarrabawa, amma ban gane shi ba da ya zo mini a kan teburina.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Na zare kebul ɗin modem domin rauta ta zauna ita kaɗai, na shiga shafinta na canza mata adireshi zuwa 192.168.1.1, na sanya mata kalmar sirri mai tsawo, na kuma canza kalmar shiga shafin saitin kanta, wadda kowa ya san yadda take zuwa daga kamfani. Sannan na shiga shafin modem na kashe nata waifai, na mayar da kebul cikin shuɗin rami. Yanzu modem da rauta kaɗai take magana, rauta kuma da sauran gida. Na buɗe shafin jami'ar, ya buɗe nan take. Da asuba na tare Baba a hanyar masallaci na ce masa ruwa ya iso. Ya ce, "Madalla. Ya kai ƙarshe?" Na ce ya kai, ba tare da na tsaya na fahimci tambayar ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fito daga cikinsa da mutuncina. Amma abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu.

Rautar tana kan teburina, taga ɗaya ce tsakaninta da dakalin ƙofar gida, inda abokaina ke zama da yamma. Na ba mutum uku kalmar sirri, saboda kunya da kuma son a san na iya. Kafin mako ya zagayo, na duba jerin na'urorin da ke haɗe na ƙirga 19, mafi yawansu ban san masu su ba. Ana kallon ƙwallo, ana sauke finafinai, ana yi mini kirari. Datar da na saya ta wata guda ta ƙare a kwana tara, na sake sayar da kwando biyu. A duk tsawon kwanakin nan ban shiga cikin gida na tambayi Auta yadda karatu ke tafiya ba. Na ɗauka tunda fitilu korra ne, kowa na sha.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, na fito zan zagaya, sai na ga haske a lungun da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Auta ce a tsugune a jikin bango, ta duƙunƙune cikin hijabi da bargo, kwamfuta a kan gwiwarta, ga sanyin Fabrairu yana ratsa ƙashi. Na tambaye ta me take yi a nan. Ta ce a ɗakinta ba ya kamawa. Ɗakin nata yana can ƙuryar gida, bayan madafa, katanga huɗu tsakaninsa da shagona. Da rana ba za ta iya zuwa kusa da zaure ba saboda maza, kuma ko ta zo, mutanen dakali sun cika hanyar. Sai dare ya raba take fitowa. A haka ta yi gwajinta na farko. Na biyun kuwa shafin ya yanke mata a tsakiya, ta samu maki kaɗan.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Yaya, ai ka yi ƙoƙari. Kuɗinka ka kashe. Da dare yana kamawa."

Ban iya ce mata komai ba. Na san sarai cewa katangar ƙasa tana shanye ƙarfin waifai, na san zangon 5 GHz ya fi sauri amma ba ya jure ratsa bango kamar na 2.4, na san ana so a kafa rauta a tsakiyar gida, a wuri mai tsayi. Duk na sani. Amma ranar da nake zaɓar inda zan ajiye ta, ban yi lissafin komai ba, na kai ta inda nake kwana, domin ni na saya, ni na iya, kuma kebul ɗin da na sayo iyakarsa ke nan. Ban ma lura cewa tun a kasuwa na auna tsawon kebul ɗin da nisan ɗakina ba.

Da safe na faɗa wa Baba. Bai yi faɗa ba. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana rabo, masu gona a bakin ƙofa ba su taɓa zuwa gidansa da kuka ba, kuma ba mugaye ba ne, ruwa ne kawai ke fara wucewa ta gabansu, sai su sha har su yi ɓarna ba su sani ba. Masu kuka su ne na ƙarshen kanal, waɗanda ruwa ke isa wurinsu a gajiye, ko ya ƙare a hanya. Mafi tsanani kuma su ne waɗanda suka gaji da kuka suka koma zuwa da tsakar dare da fitila, suna jiran abin da ya rage. Saboda haka shi daga ƙarshe yake fara rabo. "In ka fara da na kusa, na nesa ba ya samu. In ka fara da na nesa, na kusa ba ya rasawa, don ta gabansa ruwan zai bi." Ya ce kuma bai taɓa tsayawa a bakin ƙofa ya ce aiki ya yi ba. Sai ya taka har gonar ƙarshe, ya tsoma yatsa a ƙasa. A lokacin na gane abin da ya tambaye ni a hanyar masallaci.

Na koma Kano na sayo kebul mai mita 40. Irin wannan kebul yana iya kai saƙo har mita 100 ba tare da ya raunana ba, don haka nisa bai taɓa zama uzuri ba. Na bi da shi ta ƙarƙashin indararo, na kafa rautar a saman ginshiƙin rumfar tsakar gida, daura da ƙofar Auta. Na canza kalmar sirri, na rubuta ta a takarda na ba Auta ta ajiye. Abokaina na buɗe musu hanyar baƙi ta daban, mai ƙayyadadden ƙarfi, wadda nake kunnawa bayan la'asar in kashe da magariba, kuma ba a makon gwaji ba. Sannan na yi sallama na shiga ɗakin Auta, na zauna a inda take zama, na buɗe shafin jami'ar da kwamfutarta, ba da wayata ba. Ya buɗe.

Abin bai zo kyauta ba. A shagona yanzu sanda ɗaya nake samu, wani lokaci biyu. Dakali ya yi tsit, wani abokina ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ka, aka kuma ce boko ya sa ni rowa. Na ji zafin maganar, domin a garinmu rowa ba ƙaramin zagi ba ne. Amma na tuna cewa kyautar da nake yi a ƙofar gida ba daga kasona nake yin ta ba, daga na Auta ne.

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, muna cikin azumi, intanet ya yi rauni har ya kusa tsayawa. Na ɗauko allura zan sake wargaza saitin gaba ɗaya, Baba ya ce in dakata a ji rediyo tukuna. Da yamma labari ya zo cewa wasu manyan kebul da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, daura da gaɓar Kodebuwa, sun lalace, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun shiga matsala. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "An rufe Tiga ke nan. Kada ka taɓa ƙofarka, ba laifinta ba ne." Na mayar da allurar. Bayan 'yan kwanaki abubuwa suka fara daidaita, Auta ta yi gwajinta na uku kafin wa'adi, da rana tsaka, a kan tabarmarta.

Ranar ce na fara ganin tsawon magudanar da muke sha daga gare ta: daga teku zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa ƙarfen da ke bakin titinmu, daga nan zuwa akwatin roba a saman ɗakin hatsi. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 birane ke fara sha, ƙauyuka su jira. Mu mutanen karkara mun iya wannan ƙorafi, kuma muna da gaskiya. Abin da ban sani ba shi ne kowane gida ma yana da nasa bakin ƙofa da nasa ƙarshen kanal, kuma a gidajenmu sau da yawa mata ne a ƙarshen. Teku da Legas ba su hannuna. Mita 40 na ƙarshe kuwa ni na shimfiɗa su, kuma a nan ne na fara yin irin abin da nake zargin manya da shi.

Yanzu wannan aiki ya zame mini 'yar sana'a. Ana kirana Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke tsakani, in haɗa wa shaguna da makarantu da gidaje. Kusan duk gidan da na je, maigida yakan nuna mini ɗakinsa ko zaure ya ce a nan za a ajiye. Ba na musu da shi. Nakan ce ya fara nuna mini ɗakin da ya fi kowanne nisa, ya kuma gaya mini wa ke kwana a ciki.

Da ƙaramar salla babbar yayarmu ta zo da 'ya'yanta uku. Bayan an ci abinci na neme ta ban gan ta ba, sai na jiyo muryarta a ɗakin Auta. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kwamfuta a gabansu, tana tambayar nawa ne kuɗin rajista, kuma ko ana karɓar wadda ta daɗe da barin aji. Baba yana rumfa a kan buzunsa, ƙarƙashin fitilun rauta, carbi a hannunsa. Na san ya ji, domin carbin ya tsaya.